Ranar da Aka Yi wa Makaɗi Kirari

Bala ɗan Tsoho bai taɓa biyan kowa don ya saurare shi ba. Shekara arba'in yana rataye da gangar noma a Tabotaki, kuma duk tsawon shekarun nan hanya ɗaya kuɗi suka sani: daga aljihun mutane zuwa nasa. A kira gayya, ya tsaya a bakin gona ya ambaci sunan manomi da na ubansa da na kakansa, mutum ya ji kansa ya kumbura, ya duƙa da hauya har ya manta yana da ƙugu. Da marece a sallami Bala da damen hatsi, ko zabo, ko ƴan kuɗi. Haka ya tarar ubansa Tsoho yana yi da wannan gangar dai, kuma har yau da sunan marigayin ake kiran ƙungiyar: Gangar Tsoho. A gaskiya fa, can cikin ransa Bala yana ɗan raina masu ba shi. Yakan ce wa matarsa Biba wai ɗan Adam da ban dariya yake, ka faɗa masa sunan kakansa da ya riga ya sani, sai ya tuɓe riga ya ba ka.

To, zamani ya zo da nasa salon. Gayya ta yi ƙaranci, samari sun watse ci-rani, masu biki kuma sun gano cewa bahul ɗaya, wato lasifika, da salula sun fi makaɗa huɗu arha, ga shi bahul ba ya cin tuwo. Damina biyu ke nan ba a kira Gangar Tsoho ko'ina ba, in ban da wani suna a Allakaye inda aka sallame su da goro da addu'a. Su huɗu suka rage. Akwai Bala, akwai Issa sanƙira, wanda aikinsa shi ne ya ɗaga murya ya shaida wa jama'a duk kyautar da aka bayar, sai ƴan amshi biyu, Mahfuzu da Imrana ɗan ƙanen Bala. Imrana shi ake sa ran zai gaji gangar, amma ya riga ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa in aka gama ɗaurin hatsi bai ga wani motsi ba, Abijan zai nufa. Mahfuzu kuwa inda Imrana ya ɗaga ƙafa nan yake sa tasa. In suka tafi, ganga ta hau bango ke nan, sunan Tsoho ya bi ta. Abin da ke hana Bala jin daɗin furarsa ke nan.

Imranan ne ma ya zo da labarin, a salularsa mai fasasshen gilashi. Wani Munir zai shirya babban wasa a Madawa ranar kasuwa, bayan girbi, da podiyom na hawa da sono, wato kayan sauti, da komai, kuma ana neman makaɗan yankin. Imrana ya ce in har Gangar Tsoho ta hau dandamalin nan aka ɗauke su a salula, to ya san da sauran rai a sana'ar, zai dakata. Washegari Bala ya hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Buza, daga can ya matsu cikin motar kasuwa tsakanin buhun wake da wata tunkiya, har Madawa.

Ya sami Munir a ofishinsa, wato wani benci a inuwar shagon hotokofi, bakin gudron, titin kwalta. Saurayi ne da bai wuce talatin da ƴan kai ba, tabarau a saman goshi, salula biyu a hannu, kowace tana kuka ba ta jiran ƴar'uwarta. Yana da ladabi, ba za a ƙi faɗa ba. Ya tashi ya ba Bala wuri, ya kira shi Baba, ya aika aka kawo ruwan sanyi. Da aka zo maganar aiki sai ya ce jaka goma ne, sefa dubu goma ke nan, minti ashirin a kan podiyom. Bala ya gyara hula ya ce jaka goma ta yi kaɗan ga mutum huɗu da suka taso tun daga Tabotaki, amma tunda karon farko ne, za su karɓa.

Munir ya ajiye salula ɗaya.

"Baba, ku za ku ba ni. Ni ba kiɗi ni ka saye ba, wuri ni ka saidawa."

Bala ya dube shi kamar ya ga akuya tana cin nama. Munir ya shiga bayani da yatsu. Gurup, injin wuta, na haya ne, esans ɗinsa, man da yake sha, ba sadaka ba ne, sono daga Ƙwanni za a ɗauko shi, kujeru da zanan da za a kewaye fili duk da kuɗinsu, tiken shiga kuwa in ya wuce dala ashirin mutanen Madawa sai su tsaya a waje su ji a banza. Bara ya gwada biyan makaɗa, wasa ya yi kyau, kowa ya yaba, shi kuma ya sayar da babur ɗinsa. Bana kowa zai kawo nasa: ƴan gita na Keita sun yarda, samarin Buza sun yarda. Duk abin da jama'a suka liƙa maka naka ne, ba ruwansa. In ba a liƙa ba, to, wannan tsakaninka da jama'a ne.

Abin da ya fi ɓata wa Bala rai shi ne maganar yaron ba ta rasa gaskiya ba. Da ƙarya ce tsagwaronta, da ya zage shi ya tashi da sanyin zuciya. Ya dai ce a wurinsu wanda ya ji kiɗi shi yake biya, ba wanda ya yi gumi ba. Munir ya ce shi ma gumin yake yi, ya nuna masa hammatar rigarsa. Aka rabu a kan cewa Bala zai kawo kuɗin ranar wasa, kafin su hau.

Biba kaɗai ya faɗa wa. Ta yi dariya har ta saki muciya a tukunya. Ta ce ashe ranar tana tafe da mai cewa mutane wawaye zai kwance ɗaurinsa ya biya don a kalle shi. Ya ce mata ba abin dariya ba ne, Tsoho ko a mafarki bai taɓa sayen masu sauraro ba, in aka ji wannan a Tabotaki da wane ido zai dubi mutane. Ta ce da waɗannan biyun dai da yake da su. Sannan ta daina dariyar, don ta ga mutumin nata da gaske abin yana cin sa. Ta ce ya sayar da buhun wake ɗaya, ya biya a ɓoye, ya hau ya yi kiɗinsa. In Imrana ya zauna, wake ya yi amfani. Ta buɗe akwati ta fito masa da babbar rigarsa shuɗiya mai aiki a wuya, wadda bai sa ba tun auren ɗiyarsu ta fari.

Ya gaya wa ƴan ƙungiya wai gayyatar su aka yi, wai Munir da kansa ya ce wasa ba zai cika ba sai da Gangar Tsoho. Imrana ya washe baki, Mahfuzu ya washe nasa. Wanda Bala ya fi tsoro shi ne Issa. Ba don Issa mugu ne ba, a'a, amininsa ne tun suna kiwon awaki. Sai dai shekara talatin da biyar yana sanƙiranci, har abin ya zame masa kamar atishawa: ko kuɗin mota ya ga an miƙa wa karen mota sai bakinsa ya yi ƙaiƙayi. Ga shi Allah ya ba shi murya, in ya yi kira a Tabotaki jakunan ƙauyen gaba su amsa.

Ranar wasa suka iso da azahar. An kewaye wani fili a bayan tasha da zana, an kafa podiyom na katako, bahul biyu manya kamar rumbu a kowane gefe. Bayan la'asar mutane suka fara shigowa daga kasuwa, masu albasa, masu kabu-kabu, mata da goyo, ƴan lakwal da suka taso daga aji. A kujerun gaba akwai wata dattijuwa mai jiki, da mayafi ruwan goro da mafici a hannu, kowa ya wuce sai ya rusuna. Ita ce Hajiya Hindatu, gwaggon Munir, wadda ta raine shi tun yana maraya. Dillaliyar albasa ce da kamiyo-kamiyonta, manyan motocin kaya, ke kaiwa har Gana. Ƴan gita na Keita suka yi nasu, da rawunna har ido. Samarin Buza uku suka biyo, suna tsalle suna riƙe wanduna kada su faɗi. Saura Gangar Tsoho.

Nan ne Bala ya yi dabara, irin dabarar da mutum yake yi ya yi ta yabon kansa. Don ya kawar da Issa daga wurin, sai ya ce masa ya hau podiyom ya gwada mikuro, a ji ko zai iya ɗaukar muryarsa. Issa bai taɓa riƙe mikuro ba, ya haye da rawar jiki. Bala ya ja Munir bayan dandamali, ya juya wa jama'a baya, ya kwance ƙullin da ke cikin aljihunsa, ya miƙa masa takardun a dunƙule kamar mai ba da maganin asiri. Abu ɗaya ya manta. Wanda ke tsaye a kan podiyom ya fi kowa ganin abin da ke bayan podiyom.

Issa ya leƙo, ya ga hannun amininsa ya buɗe, ya ga kuɗi sun wuce. Bai kawo komai a ransa ba sai alheri: ashe Bala, da talaucinsa, ya ga wahalar yaron nan ya yi masa kyauta, kuma don kunya yana ɓoyewa. Ina, ba a gaban Issa ba. Alherin da aka yi a gaban ganga ba ya kwana a ɓoye, wannan shi ne aikinsa a duniya. Ya cika ƙirji, ya manna baki da mikuro.

"Jama'ar Madawa, ku saurara! Bala ɗan Tsoho na Tabotaki ya ba Munir jaka goma! Jaka goma cur, ba ciniki! Munir ya gode, Allah shi bar su tare!"

Bahul biyu suka ɗauki maganar suka kai ta har tasha, har rumfunan masu tsire. Dariya ta fashe tun daga baya ta gangaro gaba. Makaɗi ya yi wa ɗan gari kyauta! Wani mai kabu-kabu ya tambaya ko Munir ya shiga roƙo ne ba a sani ba, wani ya ce a ba shi kalangu. Bala ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige da ganga da riga da komai. Ya ɗaga kai ya harari Issa, Issa ya ɗaga masa babban yatsa.

Munir ya fito da gudu, tabarau ya zamo masa kan hanci, yana ƙoƙarin cusa wa Bala kuɗin a hannu. Sai Hajiya Hindatu ta miƙe. Ba ta nemi mikuro ba, irinta ba sa bukata. Ta ce kada ya kuskura. Kyautar da sanƙira ya riga ya faɗa ba a mayar da ita, mayarwa zagi ne ga mai bayarwa, kuma a gidansu ba a zagin baƙo. Munir ya karɓi mikuro daga hannun Issa ya shiga kare kansa, ya sake jero gurup da esans da kujeru da babur ɗin bara. Wasu suka gyaɗa kai, don sun san da babur ɗin, sun kuma san ba ya nan. Hajiya ta bar shi ya gama tsaf.

"Na ji, ɗana, kuma ban ce ƙarya ka kai ba. Amma ka amshi kuɗɗin makaɗi gaban jama'a. Wanda duk ya amsa, shi ka yabo. Hau ka yabe shi."

Shugaban ƴan gita ya ɗaga hannu ya ce su ma fa sun biya, haka samarin Buza. Hajiya ta ce su ba su zo da sanƙira ba, su ya shafa. Aka sake kwashewa da dariya, har da ƴan gitar.

Haka Munir ya hau podiyom, Issa ya jawo Bala ya tsayar da shi a tsakiya, inda ake tsayar da wanda za a yi wa kirari. Bala ya sha tsayar da mutane a wurin nan, bai taɓa sanin cewa mutum ba ya sanin inda zai sa hannuwansa ba. Munir ya yi gyaran murya, ya fara da cewa Bala mutumin kirki ne, yana da ganga, kuma ya zo a kan lokaci. Jama'a suka yi ihu wai wannan ba kirari ba ne, takardar lakwal ce. Ya ƙara da cewa rigarsa tana da kyau. Wata mata ta ce wannan kirarin matarsa ne. Gumi ya jiƙa Munir sharkaf. Ya rufe mikuro da tafin hannu, ya matso kusa da Issa ya tambaye shi a hankali wane ne ma Tsohon nan da ake ta faɗa, me ya yi.

Issa ya fara raɗa masa, shi kuma yana maimaitawa, layi bayan layi, da muryarsa mai kama da ƙofar kwano. Bala ɗan Tsoho. Tsoho mai gangar da ba ta kwana a gida ranar gayya. Tsoho da ya tsaya a kan tsaunin Keita shekarar da aka fito aikin tare ruwa, mata suna ɗaukar duwatsu a ka tun hantsi har la'asar, shi yana kaɗa musu, bai zauna ba don su ma ba su zauna ba. Tsoho da aka ba shi rabonsa na abinci a wurin aikin ya juye wa masu goyo.

Dariya ta fara ja da baya. Hajiya Hindatu, wadda ta riga ta zauna, ta sauke maficinta. Ta tambayi na kusa da ita ko Tsohon nan wani dogo ne mai tsage a kumatu, mai ɗingishi kaɗan. Issa ya jiyo, ya amsa daga sama cewa shi ne. Ashe tana budurwa a ƙauyensu na wajen Keita tana cikin masu ɗaukar duwatsun nan. Ta ce wallahi akwai ranar da wuyanta ya ƙage ta yi niyyar jefar da dutse ta koma gida, gangar mutumin nan ce ta kai ta saman tudu. Ta miƙe tsaye, da girmanta da hajjinta, ta rangaɗa guɗa, wasu tsofaffi biyu a baya suka taya ta.

Ba wanda ya ce wa Imrana komai. Ya zo ya zare gangar daga kafaɗar baffansa, ya rataya, ya saki taken Tsoho, wanda ake kaɗa wa manoma in rana ta take. Mahfuzu ya ɗauki amshi. Munir, da ya ji kiɗi a ƙarƙashinsa, sai ya sami ƙarfin gwiwa, ya daina jiran Issa, ya yi ta maimaita abu ɗaya da ya riƙe: Bala ɗan Tsoho, Bala ɗan Tsoho. Ba a kan kiɗi yake ba, ko kusa. Amma bahul ba ruwansa da wannan, ya ɗauki sunan ya watsa shi a kan Madawa, a kan gudron da kamiyon albasa da rumfunan kasuwa.

Bala yana tsaye. Shekara arba'in yana kiran sunayen iyayen mutane, ba wanda ya taɓa kiran na nasa uban da kirari a gaban taro. Wa zai yi wa makaɗi kirari? Sunan nan ya san shi, shi ne sunan da ya fi sani a duniya, amma da ya ji shi daga bakin wani sai ya zame masa sabo. Ya yi kewar ubansa, kewa mai zafi, irin wadda bai yi ba tun ranar da aka rufe shi. Hawaye suka zubo masa, bai ma tuna ya share ba. Ya laluba aljihu, ba komai sai kuɗin motar komawa, kuma ya ji sun yi kaɗan. Sai ya kama wuyan babbar rigarsa shuɗiya, ya cire ta ta ka, ya zura wa Munir.

Issa bai jira an ce masa ba. Ya fizge mikuro ya shaida wa Madawa cewa Bala ɗan Tsoho ya ƙara wa Munir riga, mai aiki a wuya.

Da ƴar shara Bala ya yi wasansa, kuma ba wanda ya duba agogo. Hajiya ta fara liƙi, masu albasa suka bi. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma ya fi goron Allakaye. Kafin su fita Hajiya ta aiko a gaya musu tana son Gangar Tsoho a gonarta ranar dashen albasa, kuma ita za ta biya, kada Bala ya zo da ƙullinsa. Munir ya raka su tasha cikin rigar da ta yi masa yawa, yana tattare hannuwanta, yana cewa har yanzu fa esans ba sadaka ba ne. Bala ya ce ya sani, amma baɗi ya nemi masu albasa su biya esans ɗin, shi zai kira sunayen kakanninsu. A mota Imrana ya ƙi ba da gangar a ɗaure a sama, ya rungume ta a cinya har Buza, ya ce maganar Abijan a bar ta tukuna.

Washegari da hantsi suka shiga Tabotaki. Biba tana shara a tsakar gida, ta ɗaga kai ta ga mijinta da ƴar shara da hula, ta dube shi sama da ƙasa. Labari ya riga shi zuwa ta salula, ta san komai, amma sai da ta tambaye shi ina rigar.

"Mawaƙina na ba."

Ta jingina da tsintsiya ta ce to, wane ne wawan yanzu? Bala ya zauna a kan turmi ya cire takalmi. Ya ce mata da da wata rigar a jikinsa, da ita ma ya ba shi.